Kun Tambaya, Mun Amsa: Zumar Gida daga Amya zuwa Kwalba

Wasiƙun wannan karon kusan duk daga iyalai masu kiwon zuma suka fito, irin gidajen da uba ke hawa ɗiba, uwa na tacewa, yara na wanke kwalabe. Mun zaɓi shida da muka ga damuwarsu ta shafi mutane da yawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna da amya goma sha huɗu. Zumar da muka ɗebo bara mun tace ta tsaf, muka zuba a kwalabe. Bayan wata biyu sai ta fara kumfa, murafe suka kumbura, ta soma tsami. Wallahi ko ɗigon ruwa ba mu zuba mata ba. Me ya faru? — Wata uwargida

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba sai kin rantse ba, mun yarda. Ruwan ko dai ya biyo zumar tun daga amya, ko kuwa ta zuƙe shi daga iska bayan kun ɗebo.

Abin da ƙudan zuma ke kwasowa daga fure tsararo ne, sau da yawa ruwan cikinsa ya haura rabi. Sukan baza shi a ramukan saƙa, su yi ta fifita da fikafikai har ruwan ya sauko wajen kashi 18 cikin 100, sannan su liƙe bakin ramin da farin kaki. Wannan liƙin shi ne shaidar zuma ta nuna. Kowace zuma kuwa tana ɗauke da ƙwayoyin yis da suka shigo daga fure da iska. Idan ruwa bai kai kashi 17 ba, zaƙi ya fi ƙarfinsu, suna nan kwance. Tsakanin 18 da 19 abin ya danganta da yawansu. Da zarar an wuce 20 sai su farka, su ci sukarin, su saki iskar da ta kumbura muku murafe. Shi ya sa ƙa'idar abinci ta duniya, Kodes Alimentariyos, ta yanke cewa ruwan zuma kada ya wuce kashi 20.

Gyaran daga bakin amya yake farawa. Kada a yanki saƙar da aƙalla kashi uku cikin huɗu nata bai liƙu ba. In ana shakka, a riƙe ta a kwance, a girgiza ta ƙasa da ƙarfi sau ɗaya. In ta yi yayyafi, a mayar wa masu ita su ƙarasa aikinsu. A tafi da bokiti biyu masu murfi, ɗaya na saƙar da ta liƙu, ɗaya na wadda ba ta gama ba, kada a haɗa su har abada. Saƙar da ke da ƙwai da tsutsa ba ta shiga ko ɗaya daga cikinsu, domin ruwan jikin tsutsar yana lalata ɗanɗano, yana kuma gaggauta tsami. Kuskuren da aka fi yi ke nan a ɗiban dare: ido ba ya gani sosai, sai a tattara komai a matse.

Sai batun iska. Zuma tana shan laima kamar yadda gishiri ke sha. Idan damshin iska ya haura kashi 60, bokitin da aka bari a buɗe ya kwana zai wayi gari samansa ya tsinke, kuma daga wannan saman tsami ke farawa. A yi tacewa a rufaffen ɗaki, rariya da bokiti da kwalba duk su bushe ƙarau kafin zuma ta taɓa su. Bayan tacewa a rufe ta kwana biyu zuwa uku, kumfa da ɓarɓashin kaki su taso a yaɗe, sannan a ɗura.

In akwai abu ɗaya da za mu ce ku saya kafin ɗiba mai zuwa, rifiraktomita ce: 'yar na'ura mai kama da guntun tocilan, ana ɗiga zuma a kan gilashinta, a leƙa ta fuskar haske, a karanta yawan ruwa. A tabbata ta zuma ce, don akwai masu kama da ita da aka yi domin wasu abubuwan. A juya bokiti kafin a ɗebi ɗigon gwaji, saboda sama da ƙasa ba sa zama ɗaya. Idan aka ga 19 ko 20 tun zumar na cikin saƙa, a jera saƙar a rufaffen ɗaki da fanka da na'urar janye laima kwana ɗaya zuwa uku, za ta sauko. Wadda ta riga ta yi tsami kuwa ba ta dawowa. Kada ku sayar da ita da sunan zumar sha, kada kuma ku ba ƙudan. Binega, wato ruwan tsami na girki, ake yi da ita.

Tambaya: Masu sayen zumata sun dawo min da kwalabe shida, wai ta daskare ta yi tsaki-tsaki, don haka sukari na zuba. Na ji zafin maganar ƙwarai. In riƙa dafa ta kafin in ɗura? — Wani mai kiwon zuma

Amsa: Malam, kada ka kusanci wuta da ita. Daskarewa ɗabi'ar zuma ce. Manyan sukarin cikinta biyu ne, gulukos da furuktos, kuma gulukos ba ya jure zama a narke, shi ke fita ya zama tsaki. Zumar furen da gulukos ya yi wa yawa, kamar ta auduga, tana daskarewa da wuri. Wata kuwa sai ta shekara tana zuba. Abin ya fi sauri a sanyin da ya kai wajen digiri 14 a ma'aunin Selshiyos.

In kana son narkar da ita, ka tsoma kwalbar a ruwan ɗumi mai digiri 40, wanda hannu ke iya jurewa, ka riƙa juyawa, ka yi haƙuri. Dafawa tana kashe ƙamshi, ta duhunta launi, ta lalata sinadaran da ƙudan suka zuba daga jikinsu, sannan ta haifar da wani sinadari da ake kira HMF. Da shi ɗakunan gwaji ke gane zumar da ta sha wuta ko ta daɗe a zafi. Ƙa'idar Kodes ta tsaida shi a miligiram 40 a kilo ɗaya, ko 80 ga zumar ƙasashe masu zafi. Jarkar da aka bari a rana ko a bayan mota ma tana tara shi, ko ba a hura wuta ba.

Akwai haɗari ɗaya da ya kamata ka sani: idan rabin kwalba ya daskare, rabin sama ya zauna ruwa-ruwa, wannan na saman ya fi yawan ruwa fiye da yadda zumar take tun farko, kuma yana iya tsami.

Wasu masu sana'ar sun mai da wannan aibi haja. Tun shekarun 1930 Elton Dyce na jami'ar Cornell a Amurka ya tsara yadda ake sa zuma ta daskare da laushi. Ka niƙa daskararriyar zuma har sai harshe bai ji tsaki ba, ka zuba awo ɗaya nata a awo tara na narkakkiya, ka juya a hankali don kada iska ta shiga, ka ɗura, ka ajiye a wuri mai sanyin digiri 14 mako ɗaya zuwa biyu. Duk kwalbar za ta kwaikwayi laushin irin da ka zuba. In wurinka bai samun irin wannan sanyin, ka rubuta a jikin kwalba cewa zuma tana daskarewa, ga kuma yadda ake narkar da ita. Layi biyu sun isa.

Tambaya: Shekara talatin ina ɗiba daga amyar kututture. Ɗana ya dage sai mun watsar da su mun koma akwatunan zamani, har yana nuna min wata a waya da ake murɗa famfo zuma ta zubo. Wa ke da gaskiya? — Wani dattijo

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Kowannenku ya riƙe wani gefe na gaskiya, sai dai kowane gefe da kuɗinsa.

Sirrin akwatin zamani ba a fentinsa yake ba, a wata 'yar tazara yake. Lorenzo Langstroth, wanda ya yi rajistar amyarsa a Amurka a 1852, ya gina ta ne a kan lura da cewa ƙudan zuma suna barin tazarar milimita 6 zuwa 9 a matsayin hanya. Ƙasa da haka su toshe da ƙaro, sama da haka su gina saƙa. Saboda wannan tazara ake iya zaro kowane firam, wato katakon da ke riƙe da saƙa guda, a duba a mayar. Saboda ita kuma akwatin da kafinta ya yi da ƙiyasin ido ko da ɗanyen katako yakan zama masifa: katako ya motsa, tazara ta ɓaci, ƙudan su liƙe komai ya dunƙule, ka koma yanka da wuƙa kamar a kututture, ga asarar kuɗi.

Inda ɗanka ya yi gaskiya shi ne, amyar da ake buɗewa tana nuna maka ko sarauniya na yin ƙwai, ko cuta ta shiga, ko abinci ya ƙare, tun kafin a rasa gidan. Sannan injin juya saƙa, wanda Franz von Hruschka ya ƙirƙiro a 1865, yana fitar da zuma ya bar saƙar lafiya a mayar musu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ana ƙiyasta cewa ƙudan na cin kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su fitar da kilo ɗaya na kaki. Inda kai ka yi gaskiya kuma, akwati ba ya zuwa shi kaɗai. Yana jan injin, da faifan kaki na aza tushe, da wurin adana saƙar da babu kowa a kanta, wadda tsutsar asu ke iya mayarwa tarin zare da kashi cikin makonni kaɗan.

Akwai matsakaiciya: amya mai sanduna, wadda aka fi sani da ta Kenya tun shekarun 1970. Dogon akwati ne mai gangaren gefe, an jera sanduna a samansa, kowace sanda na ɗauke da saƙa guda. Awo ɗaya ne a cikinta ba ya karɓar kuskure, wato faɗin sanda: milimita 32 ga ƙudan Afirka, 35 ga na Turai. A ja layin kaki a tsakiyar kowace sanda don su bi, a daidaita amyar kada ta karkata, in ba haka ba su gina saƙa ta gicciye. In an ɗago sanda, a bar saƙar na reto a tsaye. Da an kwantar da ita za ta karye. Zumarta ba ta kai ta akwatin firam yawa ba, amma kakinta ya fi.

Mai famfon nan Flow Hive ce, daga Ostireliya ta fito a 2015. Tana aiki, amma ɗiba kawai ta sauƙaƙa. Duba 'ya'ya, yaƙi da ƙwari, da sanin ko zuma ta nuna, duk suna nan a wuyan mai ita, kuma tsadarta ta fi ƙarfin yawancin ƙananan gidaje.

Shawararmu, kada a watsar da komai. Ku kafa sababbi biyu ko uku a gefen na da, ka ba yaron su riƙe, ku buɗe littafi: ranar da ƙudan suka shiga, ranar ɗiba, kilo nawa na zuma, nawa na kaki, nawa aka kashe. Bayan kaka biyu littafin zai raba gardama. Ko kututturen ma yana gyaruwa: a yi masa murfi ta baya, inda suke tara zuma, a riƙa ɗiba ta nan ba tare da an taɓa ɗakin 'ya'ya da ke kusa da ƙofa ba.

Tambaya: Duk shekara bayan ɗiba sai amya uku ko huɗu su tashi su bar mana gida wayam. Sai mu zauna jiran wasu su shigo. Me muke yi ba daidai ba? — Wasu 'yan'uwa biyu

Amsa: Ku fara bambance abu biyu. In rabin ƙudan ne suka fita da tsohuwar sarauniya, sauran suka zauna suna renon sabuwa, wannan haihuwa ce, alamar gida ya cika. In kuwa duka suka kwashe, ba su bar ko mai gadi ba, ƙaura ce, kuma ba sa yinta sai zama ya gagara. Tunda naku bayan ɗiba yake faruwa, mun fi zargin hannunku ya yi nauyi.

Duk saƙar da ke da ƙwai, tsutsa ko garin fure tasu ce, ba a taɓa ta. Bayan ita a bar musu aƙalla cikakkun saƙa biyu ko uku na zuma, fiye da haka in lokacin rashin fure mai tsawo ne ke tafe. A ƙasashen da ake hunturun ƙanƙara kilo 20 ko fiye ake bar wa gida ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne. Amyar da aka yashe ta tashi, sai an jira sababbi su shigo, su gina saƙa daga farko da zumar da ya kamata ta shiga bokitinku. Kilo ukun da kuka ƙwace yau na iya cinye muku kaka guda.

Na biyu, wuta. Harshen wuta yana ƙona fikafikai, ya kashe 'ya'ya, ya bar ƙauri da toka a zuma. Hayaki ake so, fari mai sanyi, daga busasshiyar ciyawa, ɓawon katako ko tsohon buhun algarara. Ban da roba, ban da leda. Ku busa a bayan hannunku tukuna, in ya yi muku zafi ya yi musu. Busa biyu ko uku a ƙofa, a dakata minti ɗaya, sannan a buɗe.

Sauran dalilan a waje suke. Tururuwa da cinnaka na iya korar gida a dare ɗaya, don haka a tsoma ƙafafun teburin amya a gwangwanaye masu mai, a share duk ciyawar da za ta zame musu gada. Ƙudan na riƙe ɗakin 'ya'ya a digiri 34 zuwa 35, saboda haka amyar da ranar yamma ke duka tana ɓata ma'aikata a ɗebo ruwa da fifita. A ba ta inuwa, a ajiye ruwa kusa da tsakuwa ko ƙirare a ciki don kada su nutse. In fure ya yanke suka rasa abinci, a dama sukari da ruwa awo ɗaya-ɗaya a ba su da yamma, a cikin amya, don kada maƙwabtansu su kawo hari. A daina da zarar fure ya buɗe, in ba haka ba ruwan sukarin zai shiga zumar sayarwa.

Ku kuma duba ko wurin bai cika ba. Yawancin kiwonsu a cikin kilomita 2 zuwa 3 suke yi, kuma furen da ya ƙosar da amya goma ba lallai ya ƙosar da ashirin ba. Ku rubuta watan da kowace bishiya da shuka ke fure a kewayenku, watannin da suka fito fanko su za ku cike da dashe. Manoman da ke kusa kuma a roƙe su su yi feshi da yamma lis, bayan ƙudan sun koma, kuma ba lokacin da gona ke fure ba.

Tambaya: Masu saye suna gwada zumata da ashana, wasu su ɗiga a ruwa, wasu su ce in tururuwa ta hau to jabu ce. Wanne ne gwajin gaskiya? — Wata mai sayarwa

Amsa: 'Yar'uwa, babu ko ɗaya. Ashana da ɗigawa a ruwa kauri kawai suke nunawa. Ruwan sukarin da aka dafa ya yi kauri zai ci jarrabawar, zuma ta gaskiya mai ɗan ruwa ta faɗi. Tururuwa kuwa ba ta taɓa ƙin zaƙi ba.

Ko ɗakunan gwaji suna shan wahala. Gwajin da aka daɗe ana yi yana kama sukarin rake da na masara, amma na shinkafa yana zillewa, sai da na'urori masu tsada. Binciken da Tarayyar Turai ta fitar a 2023 ya samu kashi 46 cikin 100 na samfura 320 na zumar da aka shigo da ita abin zargi ne. Don haka tsoron masu saye yana da tushe.

Abin da ƙaramin gida ke da shi wanda babban dillali ba shi da shi, shi ne sanin asalin kowace kwalba. Ki ba kowace ɗiba lamba. A littafi ki rubuta ranar, wurin amyoyin, furen da ya fi yawa a lokacin, da abin da rifiraktomita ta nuna. Lambar ta hau kan takardar kwalba tare da nauyi da ranar ɗurawa. Ki ajiye ƙaramar kwalba ɗaya daga kowace ɗiba, ranar da aka zo da ƙorafi ita ce shaidarki. Gidaje biyar ko goma na iya haɗa kuɗi su kai samfur gwaji sau ɗaya a shekara. Sayar da zuma a cikin saƙarta, liƙaƙƙiya yadda ƙudan suka bar ta, shi ma yana kashe bakin mai zargi.

Mazubi ma yana zubar da mutunci. Zuma tana da ɗan tsami a ɗabi'arta, tana cin baƙin ƙarfe da bokiti mai shafen tutiya, ta yi duhu ta ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Gilashi, ƙarfen da ba ya tsatsa, ko robar da aka yi domin abinci, su ne nata. Jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko magani, ko an wanke ta sau goma, zuma za ta tona asirinta. Kada ki manta da rubuta cewa ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

Tambaya: Tukar da ke saura bayan mun matse zuma zubarwa muke yi. An ce kuɗi ne? — Wani matashi

Amsa: Kuɗi ne, ƙanena, kuma ba ya tsami ba ya ruɓewa. Ka wanke tukar, ka ware fara daga baƙa don farar ta fi daraja, ka ɗaure a buhu mai ƙananan huji, ka nutsar a tukunyar ruwan sama da dutse a kai. Kaki yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, don haka ba ya buƙatar tafasa mai ƙarfi. Zai taso saman ruwa, ka bar shi ya huce a hankali don kada ya tsage, ka kankare dattin ƙasansa. Kada tukunyar ta zama ta baƙin ƙarfe, tana duhunta shi, kuma kada ka ɗora kaki a wuta ba ruwa, yana kamawa kamar mai. Akwati mai murfin gilashi da aka karkata wa rana yana yin wannan aikin ba itace. Masu kyandir, man shafawa da man goge takalmi duk suna nemansa. Ka rage ɗan dunƙule ka goga a cikin amyoyin da ba kowa, ƙamshinsa ne ke kiran sababbin ƙudan zuma.